Jagora ga malamin karkara: yadda za ka kai ɗalibai su ga fasaha da idonsu kafin su karanta tarihinta

Duk malamin da ya taɓa koyar da babin tarihin fasaha a ƙaramar sakandare ya san shafin nan. Kan mutum-mutumin Nok a sama, na Ife a gefensa, tagullar Benin a ƙasa, wani lokaci har da ganuwar Kano, duka an matse su cikin hotuna masu girma ɗaya, tawadar ma ta dushe. Yaro a Albasu ko Gwaram zai haddace cewa a 1928 aka fara tono kayan Nok wajen haƙar kuza, ya rubuta a jarrabawa, ya ci makinsa. Amma tambaye shi wanne zai iya rungumowa ya ɗauka, wanne ne sai ya ɗaga kai kafin ya ga ƙarshensa, sai ya yi shiru. Ba laifinsa ba ne. Hoto ba ya nuna girma, ba ya nuna kaushi ko santsi, ba ya nuna bayan abu, kuma yana tsige abu daga wurin da aka yi shi domin ya zauna.

Alhali yaron nan a cikin fasaha yake kwana yake tashi. Zauren da ya ratso ya fito, faifan da aka rufe furarsa, aikin wuyan rigar kakansa, allon zayyanar da aka yi wa yayansa ranar sauka, duk ayyuka ne masu salo, masu tarihi, masu gwanayen da gari ya san su da suna. Ba a dai taɓa tsayar da shi an ce ya duba ba. Shawarata ga malamin zane, ko na tarihi, ko na Hausa, ita ce a fara da abin da ƙafa za ta kai, sannan a hau mota, littafi ya zo daga baya. Mun saba da yin akasin haka, shi ya sa fitar ƙarshen zango take ƙarewa a cin biskit da ɗaukar hoto.

Mataki na farko: kafin ka nemi mota, nemi tambaya

Tambaya guda ɗaya tak, wadda ido zai iya amsawa. Me ya sa ɗakunan zamanin da ba su da faɗi? Yaya ake bambanta tsohon aiki da sabo idan ba a rubuta shekara ba? Me ya sa dagi yake a bango, yake a riga, yake a jakar fata? Rubuta ta a allo mako guda kafin fita, kada ka amsa ta ko da an matsa maka.

Mataki na biyu: zagaya garin kai kaɗai

Zuwa da kai ya fi aike. Ɗauki yammaci biyu ko uku ka bi garin da idon baƙo. Akwai tsohon masallaci ko zauren dagaci da har yanzu na ƙasa ne? Akwai rumbun da aka yi wa ado? Ina maƙera take, wace ce ke ginin tukwane, wa ke ɗinkin hula, wane alaramma ne ke zayyana? Idan makarantarku na kusa da Kura, rini na bakin ƙofarku. Idan wajen Minjibir ne, tambayi tsofaffin masaƙa. Ranar kasuwa kuwa rabin aikin ya zo maka har gida: ƙwarya sassaƙaƙƙiya, tabarmar kaba, akushi, kayan doki, tukwanen alminiyum.

In ka sami mai sana'a, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka faɗa masa gaskiya tun farko: "Baba, yara nake so in kawo su ga yadda hannunka ke aiki, ba ciniki za su yi ba." Sannan ka tambayi ranar da aikin yake a gaɓar da ta fi kyan gani. Mai tukwane ba kullum take gashi ba, magini ba kullum yake ɗaura azara ba. In ka kawo aji ranar da babu aiki, kayan da aka gama za su gani, kuma wannan bai ɗara hoton littafi da yawa ba.

Ka tanadi ihsani. Sa'a guda da maƙeri ya ba ka, garma ce bai ƙera ba. Mafi mutunci shi ne makaranta ta sayi wani abu daga hannunsa, ya zama kayan koyarwa.

Sana'o'in mata da yawa a cikin gida suke. Kada ka ɗauki wannan a matsayin cikas. 'Yan mata su shiga tare da malama, maza su nufi maƙera ko wurin magina, in an dawo kowane ɓangare ya bayyana wa ɗayan abin da bai gani ba. Wannan bayanin ma darasi ne, domin wanda bai je ba zai yi ta tambaya har sai mai bayani ya gane abin da idonsa ya tsallake.

Mataki na uku: izini, lokaci da kuɗi

Takarda a rubuce ga shugaban makaranta, shi ya sanar da ofishin ilimi. Iyaye su ji daga bakinka a taron iyaye da malamai, kada su ji daga bakin yara. Dagaci ko mai unguwa ya san da zancen. In da 'yan mata a tafiyar, dole da malama.

Akwai maganar da gara kai ka fara ɗauko ta: wani uba zai ji an ce mutum-mutumi ko zanen dabba a kogo, ransa ya ƙi. Kada ka raina damuwarsa. Ka bayyana cewa za a je ne a karanci yadda mutanen zamanin da suka rayu, da abin da suka bari, ka kuma gayyaci malamin addini na makarantar ya shiga tafiyar. Sau da yawa da zarar an ji da shi za a je, maganar ta mutu.

Lokaci mafi kyau shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu: an gama aikin gona, hanya ta bushe, rana ba ta yi zafi ba, kuma lokacin ne magina ke aiki. Daga Maris dutse ya fara ƙuna. Kauce wa Juma'a. A lissafin kuɗi ka sa mota, kuɗin shiga, ruwa, abinci da ihsanin mai rakiya, ka kuma tuntuɓi wurin da za ku tun kafin ranar. A tsara yadda za a kasance an dawo gida kafin magariba.

Mataki na huɗu: horar da ido a cikin aji

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ke raba fitar karatu da yawo. Aro abu ɗaya, misali tsohuwar riga mai aska takwas ko tulu, ka ajiye a tsakiyar aji. Minti 10 ba mai magana, kowa ya zana abin da ya gani. Minti uku na farko za su ce sun gama. Ka ce su ci gaba. Wajen minti na bakwai ne wani zai lura cewa asaken ba tsawonsu ɗaya ba, wata ta ga inda zaren ya canza launi, wani ya juya rigar ya ga bayan ɗinkin.

Daga nan sai tambayoyi, kuma a jere suke: me ka gani, da me aka yi shi, da wane kayan aiki, daga ina mai aikin ya fara, wa aka yi wa. "Yana da kyau" ba amsa ba ce, sai an nuna wurin da yatsa. Tambayar ma'ana ita ce ta ƙarshe, domin yaron da aka fara tambayarsa ma'ana zai daina kallo ya koma cankar abin da malam ke son ji.

Koya musu awo da jikinsu: taƙi, kamu, gaba. Kowa ya auna taƙinsa da rula sau ɗaya ya rubuta a bangon littafinsa. Daga ranar yana yawo da ma'auni, kuma duk abin da ya zana sai ya rubuta girmansa a gefe.

Mataki na biyar: fitar farko, a ƙafa

In garinku na da tsohon soro, da shi za ka fara. Raba ajin rukuni-rukuni, kada su wuce 10 ko 12 a ciki lokaci guda. Su fara tsayawa a rana, sannan su shiga su zauna. Kada ka ce komai a kan sanyin da za su ji, bari wani ya faɗa, sai ka tura shi ya auna kaurin bangon a bakin ƙofa.

Sai a ɗaga kai. Azara daga giginya ake tsaga ta, gara ba ta cika cin ta ba, amma in tazarar ta kai kusan mita 2 sai ta fara lanƙwasa a ƙarƙashin nauyin ƙasa. Wannan ƙaramar gaskiyar ita ce ta haifi mafi yawan abin da muke sha'awa a ginin Hausa. Magini na son ɗaki mai faɗi, azara ta ƙi, sai ya kafa ginshiƙi, ko ya tayar da bakan gizo daga bango zuwa bango, ya raba rufin gida-gida yadda kowace azara za ta sami wurin hutawa. In bakunan suka gicciye juna a sama, ga ɗaurin guga. Yaron da ya kwanta rigingine ya zana wannan rufin, ranar da ka nuna masa hoton masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a farkon rabin ƙarni na 19, ba sai ka ce masa gwani ne ya yi ba. Ya san matsalar da mutumin ya warware.

A waje su duba zankwaye da indararo, su nemi inda yaɓe ya zube su ga yadda aka jera tubali. In akwai tsohon magini, ya yi musu bayanin makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, da laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Ka ja hankalinsu nan: rufin soro ɗaya ya haɗa marini da majemi da magini.

Ga 'yan mata kuwa, babu kundin tarihi kamar jere. Su tambayi kaka abin da aka jera mata, sannan inna, sannan amaryar bana. Daga ƙore da tasoshi zuwa kwanukan fenti, zuwa tangaran da kuloli. Kayan sun canza, son jerawa sahu-sahu har sama bai canza ba. Tarihin fasaha ke nan a ɗaki uku: me ya sauya, me ya zauna, me ya kawo sauyin.

Mataki na shida: Birnin Kudu

In kuɗin makaranta tafiya ɗaya kawai zai ɗauka, ni nan zan zaɓa. A duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, akwai zanen shanu a jikin dutse, a ƙarƙashin inuwar manyan duwatsu. A shekarun 1950 Bernard Fagg ya yi nazarinsu, shi ne kuma mutumin da ya yi aikin Nok, ya kafa gidan tarihin Jos da aka buɗe a 1952. Wuraren suna hannun hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, don haka ta ofishinsu na garin za ka bi, su ba ka mai rakiya.

Ka roƙi mai rakiyar alfarma ɗaya: ya jinkirta bayaninsa minti 15. Masu rakiya sun saba farawa da jawabi, kuma da zarar an fara, yara sun sunkuya suna rubutu, dutsen na gabansu ba mai kallonsa.

Da farko wasu za su ce ba su ga komai ba. Launin ya dushe, ya saje da jikin dutse, sai ido ya huce daga hasken rana sannan ƙaho ya fito, ƙafa ta biyo. Wannan jiran ba ya cikin kowane hoto. In sun fara gani, su zana saniya ɗaya da girmanta a taƙi, ba tare da sun taɓa ba.

Sai ka yi tambayar da ɗan karkara ya fi ɗan birni iya amsawa: wace irin saniya ce wannan? A ajinka akwai masu kiwo. Sun san bunaji, sun san rahaji, sun san bokolo. Ba za a daɗe ba wani zai ce, "Malam, ai ba ta da tozo." To, ya kama bakin zaren. Mafi yawan shanun da aka zana a wurin marasa tozo ne, alhali duk garken da suka wuce a hanya masu tozo ne. Ko dai mai zanen bai iya ba, ko kuwa shanun zamaninsa daban suke. Su duba ƙahonin da yadda aka fitar da jiki su yanke hukunci ko wannan hannun marar iyawa ne. Da irin wannan hujjar masana suka kafa cewa zanen ya girmi zamanin da shanu masu tozo suka mamaye ƙasar nan. Yaron da ya gano haka da kansa ya yi aikin masanin tarihi, kuma da ilimin da ya samo a bayan garken ubansa ya yi shi.

Su lura da wurin ma. Me ya sa a nan aka yi zanen ba a fili ba? Ina ruwan sama ke bi? Mutum nawa inuwar za ta ɗauka? A tsaye mai zanen yake ko a tsugune? A yankin akwai kuma duwatsu masu amo, waɗanda in an buga su da dutse suke ƙara kamar ƙarfe. Mai rakiya ne zai nuna, shi ne kuma zai ce a buga ko kada a buga.

Dokokin wurin ka faɗe su tun a mota, ka maimaita a gindin dutse. Ba taɓawa, domin maiƙon hannu na cin launi. Ba watsa ruwa don zanen ya fito a hoto. Ba bi da alli, ba rubuta suna. Takalmi mai kama ƙasa, ba silifas ba, a kuma kula da zuma da maciji a tsagar dutse. Waya ta zauna a aljihu sai an gama zane.

Mataki na bakwai: birnin Kano, amma kada ka yi haɗama

Wuri biyu sun isa yini guda. Gidan Makama, gidan tarihin da ke daura da fadar sarki, ana danganta shi da ƙarni na 15, zamanin Muhammadu Rumfa da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Kafin a duba kayan da ke ciki, a duba ginin kansa, a gwada rufinsa da na soron garinku. A tsaya a gaban ƙyamaren tsofaffin ƙofofin ganuwa a ƙiyasta nauyinsu. Ga kuma tambayar da za ta tayar da gardama mai amfani: ginin ƙasa kullum cikin yaɓe da gyara yake, to mene ne tsoho a nan, ƙasar ko tsarin?

Na biyu marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take. Abin da za a je gani shi ne lokacin da marini ya ciro zane daga karofi yana kore-kore, iska ta buge shi, ya rikiɗe shuɗi a gaban idonsu, ya sake tsomawa. Su ƙirga tsomi nawa ya yi, su shaƙi warin baba, su saurari masu bugu. In lokaci ya rage, Gidan Ɗan Hausa na Nasarawa, inda Hanns Vischer ya zauna, mutumin da ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara a ƙarni na 12 kuwa a hanya za ku gan ta, tare da wuraren da ta zube ko aka cinye ta da gini. A tsaya a nan ma.

Mataki na takwas: yanzu a buɗe littafi

Washegari, kada a bari ya huce. Manna zanen kowa a bango, a ga yadda mutum 12 suka kalli saniya ɗaya kowa ya ɗauko abu daban. Sai a koma ga tambayar da ke allo, su amsa da hujjar abin da suka gani.

Bayan haka ne Nok da Ife za su shigo, kowanne ta ƙofar abin da aka riga aka gani. Wadda ta ga mai tukwane tana ɗora yumɓu zobe-zobe, ta ji dalilin da tukunya mai kauri ke fashewa a wuta, za ta gane me ya sa kawunan Nok suke da rami a ciki, da huda a ido da hanci da baki. Wanda ya ga ana zuba narkakken alminiyum a kasuwa ya kusa fahimtar tagullar Ife da Benin da Igbo-Ukwu, saura ka nuna masa bambancin: can da kakin zuma ake siffanta abin, a lulluɓe da yumɓu, a gasa kakin ya tsiyaye, a zuba tagulla a gurbinsa, sannan a fasa yumɓun, shi ya sa kowane aiki ba shi da na biyu. Ana iya gwada rabin farko a aji da kaki da laka. In an zo kan Ladi Kwali, shahararriyar mai ginin tukwane, ciro naira 20 ka miƙa, a ga wace gaɓa ta aiki take a hoton.

Duk hoton da littafi ya ba da awonsa, a zana girman na gaskiya a allo da rula kafin a ce komai a kansa.

Wajen ba da maki, kada ka auna kyan zane, domin za ka kori masu ido waɗanda hannunsu bai faɗa ba. Auna yawan abin da aka lura da shi, da daidaiton awo, da ko an kawo hujja. Tambayar gwaji ta zama irin wannan: ga hoton rufin da ba ku taɓa gani ba, nuna inda nauyin yake sauka, ka faɗi dalilinka. Ko kuwa: ga hula biyu, wacce ce ɗinkin hannu, wacce ce ta inji, da me ka gane?

A ƙarshen zango zaɓi zane biyar ko shida mafi cikar bayani, a rubuta sunan wurin da kwanan wata da awo a bayan kowanne, a sa a fayil a ofishin shugaban makaranta. Ajin baɗi da fayil ɗin za su fita, su tsaya a gaban soron nan su duba ko zankwayen suna nan, ko an sa kwano, ko an rushe an yi na bulo, su ƙara nasu shafin. Kwafi ɗaya kuma a ba ɗalibai biyu su kai wa magini ko mai tukwanen da ya karɓe ku, tare da gaisuwar makaranta.